Ɗigon Dalmar da Bai Kama Ba

Kafin ku taru a ƙasan rubutun nan ku wanke ni tas, ku bari in faɗi laifina da bakina, sai ku yanke hukunci da hujja. Wata huɗu cur na yi ina nuna wa mutumin da ke neman aurena cewa ko batir ban iya sa wa tocila ba. Alhali tun ina 'yar shekara goma sha uku nake riƙe ƙarfen narka dalma. Yayana ne ya koya min, da aiki ya ɗauke shi zuwa wani gari sai ya bar min akwatinsa: mitar awon wuta, filaya, ƙananan sukundireba, da gwangwanin alewa cike da resisto. Da rana ina shagon gilashin ido ina ɗaure wa mutane 'yan notunan da ko gani ba sa yi. Da yamma in dawo gida in shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin ɗakina, in haɗa abin da raina ke so.

Ba haka kawai na tashi da ƙarya ba, akwai tarihi. Shekara biyu da suka wuce wani ya nemi aurena, magana har ta yi nisa. Ran nan motarsa ta ƙi tashi a ƙofar gidanmu, ga abokansa biyu a ciki. Na fito da silifas ɗin wanka, na leƙa, na ga kan batir ne ya kwance, na ɗaure masa. Mota ta tashi, shi ma ya tashi, har yau ko ƙurarsa ban sake gani ba. Gwaggo, yayar babana da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ta mayar da wannan labari abin karyawarta na kowace safiya.

Saboda haka ranar da mai nemana na yanzu, wani malamin lissafi, zai fara zuwa, ta same ni a ɗaki ina gwada gyale a gaban madubi, ta rufo ƙofa.

"Auta, shekararki ashirin da tara. Wannan karon ki yi wa Allah ki kama hannunki."

"Gwaggo, me hannuna ya yi?"

"Kin fi ni sani. Akwatin nan ya koma ƙarƙashin gado. In ya tambayi tabon yatsunki, ki ce guga ce. Namiji yana son ya ji akwai abin da zai koya miki, ba ki zauna kina gyara masa zance ba."

Na dubi Mama da ta turo ƙofa ta tsaya da tiren kofuna, ina jiran ta ce wani abu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki dai bi a hankali." A wajen Mama wannan sa hannu ne.

Malam dogo ne siriri, kullum da biro biyu a aljihun gaba, gefen hannun rigarsa kuma ba ya rabuwa da farin alli. Ba shi da hayaniya. Idan ya zauna a falonmu, kujera ɗaya yake zaɓa, ta kusa da taga, ya ajiye takalminsa a jere kamar za a duba su. A zuwansa na uku ne ya yi ta juya kofin shayi, can ya ce yana da wata 'yar sha'awa da yake jin kunyar faɗa, kada in ɗauke shi yaro. Wai ya fara koyon haɗa ƙananan kayan lantarki.

Jama'a, zuciyata ta yi tsalle. Bakina har ya buɗe zan tambaye shi wane irin ƙarfe yake amfani da shi, sai na ji Gwaggo ta yi gyaran murya daga baranda, irin wanda ba shi da alaƙa da mura.

Na ce, "Kai, ashe? To mene ne resisto ɗin nan da kake faɗa?"

Fuskarsa ta washe. Ya zaro ambulan daga aljihu ya juya bayansa, ya zana min bututun ruwa mai wuya a tsakiya, ya ce wuta kamar ruwa take, resisto shi ne matsatsin da ke rage mata gudu. Gaskiya ɗaya zan faɗa, ya fi Yayana iya bayani nesa ba kusa ba. Na zauna na zuba tagumi ina kallon yatsunsa, ina jin daɗi har raina. Daga ranar kuwa ƙarya ta samu wurin zama. Kowace Asabar ya zo da sabon darasi, ni kuma in zo da sabuwar tambayar da na san amsarta tun ina sakandare.

A wata na uku ya faɗa min dalilin da ya sa ya shiga harkar tun farko. Mahaifinsa ya yi shekaru yana aiki nesa da gida, kuma ba mai son rubutu ba ne, sai ya riƙa ɗaukar muryarsa a kaset yana aiko wa matarsa. Ya rasu shekara tara ke nan. Kaset ɗaya ne ya tsira, yana cikin akwatin mahaifiyar Malam an naɗe shi da hankici. Rikodar ma tana nan, amma batir ya zube a cikinta ya cinye mazauninsa, abin jona ta da wuta kuma ya ɓace tun wata ƙaura. Bolt shida take ci. Shi kuma yana da adafta mai bolt goma sha biyu, don haka yake son ya haɗa regulato, wato ɗan allon da zai karɓi sha biyu ya sauke ta zuwa shida ya riƙe ta nan daram.

"Na san zan iya kai wa mai gyara," in ji shi, "amma so nake in ce mata da hannuna na yi."

Na ce, "Allah ya taimaka." Ban faɗa masa cewa irin wannan allon sau uku na haɗa shi ba, ɗaya ma yana ƙarƙashin teburina yana juya min 'yar fanka.

Sai allon ya fara ba shi wahala. Saƙonninsa suka koma rahoton asibiti.

"Ranki ya daɗe, yau mita ta nuna shida. Na je na sha ruwa na dawo, ta nuna sha ɗaya."

"Subhanallah, to me ya jawo?"

"Ina zargin mitar ce. Na canza mata batir."

Bayan kwana biyu: "Ba mitar ba ce. Na cire ɗan baƙin mai ƙafa uku na sa sabo." Bayan mako guda ya sake canza shi, ya haɗa da kafasito, ɗan abin da ke tara wuta. Ni kuwa ina kwance a kan gado ina karantawa, yatsuna na ƙaiƙayi, ina rubuta masa "sannu da ƙoƙari" da hoton fure. Abin da ke zuwa ya tafi da kansa ba ya wuce haɗin da bai kama ba, wannan ko a mafarki na sani. Na yi shiru.

Asabar ɗin da ta wuce, muna karyawa da misalin ƙarfe takwas, wayata ta yi ƙara. Hoto ne, da saƙo a ƙasa.

"Alhamdulillah, tun jiya yana kan shida bai motsa ba. Na sa shi a ɗan akwatin roba. Yau ƙarfe huɗu zan kunna wa Hajiya, ƙannena mata duk za su zo. Ki taya ni addu'a."

Hoton bayan allon ne, ya ɗauka kafin ya rufe, don in ga tsaftar aikinsa. Na ja shi da yatsu biyu ya girma. Ɗigon dalma goma sha wani abu, yawancinsu ba yabo ba fallasa. Amma na kusurwar hagu, wanda ke riƙe ƙafar resisto na biyu, ya dunƙule kamar ƙwayar carbi, ya yi toka-toka ba ƙyalli, har ina hango siririn duhu a zagayen ƙafar. Dalmar zama kawai ta yi a kai, ba ta kama ba.

Bari in yi muku bayani a taƙaice, tunda yau na daina ɓoyo. Resisto biyu ne ke faɗa wa ɗan mai ƙafa ukun nan inda zai tsaya. Idan na biyun ya saki, ba mutuwa allon yake yi ba, da ma hakan ne da sauƙi. Sakin wutar yake yi kusan gaba ɗayanta. A kan tebur, ba mai taɓa shi, zai yi kwana yana nuna shida. Amma a ɗauke shi, a sa a jaka, a dire a gaban tsohuwa, a ja waya, sai sha ɗaya ta faɗa cikin rikodar da ta girme ni. Ko ta ƙone, ko injinta ya zabura ya tauna kaset ɗin da babu na biyunsa a duniya.

Na ajiye biredin da ke hannuna.

Gwaggo ta kafa min ido. "Lafiya? Ko yaron nan ne?"

Na faɗa musu komai. Mama ta ajiye cokali. Gwaggo ta yi jim, don ba muguwa ba ce, ita ma ta san zafin rashin miji. Sai ta ce, "To ki ce masa kin yi mummunan mafarki, ya kai wa mai gyara ya duba."

"Mai gyara zai sa mita ya ga shida ya ce lafiya lau."

"To ki ce Yayanki ne ya gani a hoton."

Wallahi na so wannan dabarar, har na fara rubutawa. "Na tura wa Yaya hoton, ya ce…" Na tsaya ina kallon kalmomin. Na ga kaina shekara goma nan gaba a gidansa, fanka ta tsaya, ina fifita da murfin tukunya ina jiran ya dawo daga makaranta, ko in shiga banɗaki in yi kamar ina kiran Yaya. Na goge.

Na rubuta: "Don Allah kada ka jona shi da rikodar. Ka kawo min shi yanzu, da adaftar. Akwai abin da zan nuna maka, akwai kuma abin da zan faɗa maka."

Gwaggo ta ja dogon tsaki ta ce, "Shi ke nan, na biyu ma ya tafi." Ta kwashi kofinta ta shige ɗaki.

Ƙarfe goma sha ɗaya ya iso, da farar riga mai dogon hannu da jakar leda a hannu. Ni ko kwalliya ban yi ba, doguwar rigar gida ce a jikina, ruwan toka, mai ƙunar dalma biyu a cinya, na yafa ƙaramin gyale. Ya yi sallama ya shigo, ya nufi kujerarsa ta kusa da taga, sai ya tsaya cak. A kan teburin tsakiya, inda ya saba ganin shayi da biskit, jarida ce a shimfiɗe, ga mita, ga filaya, ga ƙarfena a kan mazauninsa yana ɗaukar zafi. Bakin ƙarfen ya sha aiki, duk wanda ya gani ya san ba jiya aka saye shi ba.

"Na Yayanki ne?"

"Da nasa ne. Shekara goma sha shida ke nan nawa ne. Zauna, Malam."

Ya zauna. Na buɗe ɗan akwatin robar, na jona adafta, na maƙala wayoyin mita, na haɗa da ƙaramin ƙwan fitila don ya gani da idonsa. Shida daidai. Ƙwan ya kawo haske mai laushi.

"Kin gani ko," in ji shi a hankali.

"Ara min bironka."

Na ɗan ƙwanƙwasa gefen allon da gindin biron. Ba komai. Na matsa kusurwar hagu na taɓa resiston. Mita ta haura sha ɗaya, ƙwan ya yi fari fat kamar zai fashe. Na sake taɓawa, ya koma shida. Sau uku na yi.

"Nuna min yadda kake sa dalma," na ce.

Kamar ɗalibi, ya karɓi ƙarfen, ya narka dalmar a bakinsa, ya ɗauko ta kamar miya a cokali zai kai wa allon. Na riƙe hannun rigarsa.

"Nan ne matsalar. Kafin ka iso, maganin da ke cikin dalmar ya ƙone, ƙafar kuma da sanyinta. Ba dalma ake dafawa ba, wurin ake dafawa, ita da kanta za ta bi."

Na zuƙe tsohon ɗigon, na kankare ƙafar resiston da reza har ta yi haske, don ta daɗe a ajiye ta yi dattin tsufa. Na ɗora bakin ƙarfe ya taɓa ƙafar da tagullar allon lokaci guda, na ƙirga biyu a raina, na miƙa dalma ta ɗaya gefen. Ta narke ta zagaye ƙafar ta kwanta sumul tana ƙyalli. Na ga ya turo baki zai hura, na tare da tafin hannu na ce ya bar ta ta huce da kanta. Tunda na riga na zauna, na bi sauran ɗigon duka na sabunta su. Sannan na ƙwanƙwasa allon ta ko'ina, na girgiza shi, na ja wayoyinsa, na bar shi minti ashirin da ƙwan a kunne ina taɓa ƙarfen da ke shanye masa zafi. Mita ko gezau.

Na yi zaton irin fushin wancan na farkon zan gani, na namijin da mace ta fi shi. Na shirya masa, har na tanadi amsa. Amma da ya ɗago, ba fushi ba ne a idonsa, kunya ce da ciwo, kuma wannan ban shirya masa ba.

"Aikinki ya yi kyau," ya ce. "Da kin faɗa min tun ranar farko, da na fi kowa murna. Ni da nake neman wanda zan tambaya ruwa a jallo."

"An ce min maza ba sa so."

"Ni kika tambaya?"

Na sunkuyar da kai na kashe ƙarfen, shi kuma ya ci gaba.

"Ambulan nawa na ɓata a falon nan ina zana miki bututu. Abu ɗaya nake so in sani, kuma don Allah kada ki lallashe ni. Akwai ranar da kika yi min dariya?"

Ga ƙofar tsira a buɗe, in ce a'a, in rantse, magana ta wuce. Amma na gaji.

"Sau ɗaya. Ranar da ka ce kana hura wa dalma iska kamar shayi don ta yi saurin bushewa. Na ce zan ɗauko suga, na shiga kicin na toshe bakina da gyale."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Mako biyar ke nan. Tun ranar kin san inda zan faɗi."

"Na sani."

Ya rufe akwatin robar da kansa, ya naɗe wayar adafta tsaf, ya sa a leda. A bakin ƙofa ya tsaya yana sa takalmi, bai dube ni ba ya ce, "Na gode da kaset ɗin Baba. Sauran kuma ki ba ni lokaci, don yanzu ban san wace ce na yi wata huɗu ina hira da ita ba."

Ƙarfe biyar da rabi saƙo ya shigo: "Ya yi." Kalma biyu, ba ranki ya daɗe, ba komai. Na rubuta "Alhamdulillah", ya karanta, bai amsa ba.

Lahadi shiru. Litinin shiru. A shago na ɗaura wa wani dattijo hannun gilashi a juye, sai da mai shagon ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. A gida Gwaggo ba ta ce "na faɗa miki" ba, ta dai riƙa zuba min abinci fiye da kima tana sauke ajiyar zuciya, wanda ya fi zagi ciwo. Kuma in gaya muku gaskiya, ba tsoron zama ba aure ne ya dame ni ba. Kewarsa nake yi, shi da birukansa da allin hannun rigarsa. Sai da na kusa rasa shi na gane ba don in faranta wa Gwaggo nake zama a falon nan duk Asabar ba.

Talata da yamma, na dawo daga aiki ko gyale ban cire ba, muna zaune a baranda ni da Mama da Gwaggo ana tsince shinkafa, baƙuwar lamba ta kira. Hannuna da tire, sai na danna lasifika na ajiye wayar a cinya.

Muryar dattijuwa ce, a natse. Ta yi sallama ta ce ita ce mahaifiyar Malam. Tiren ya kusa suɓuce min. Na durƙusa a inda nake kamar tana ganina, na gaishe ta.

"Ke ce mai gyaran?"

"Ni ce, Hajiya."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Shekara tara ban ji an kira ni da sunan da mutumin nan yake kirana ba, sai ranar Asabar. Sau shida na juya kaset ɗin." Na ji tana jan hanci. "Yaron nan ya faɗa min komai, har da dariyar kicin. Ni ma na yi dariyar, don ubansa haka yake hura komai. To amma kwana uku ke nan yana zaune min kamar marar lafiya. Ya ce in kin iya wata huɗu kina nuna ba ki san abin da kika sani ba, ta ina zai gane sauran ba kwaikwayo ba ne? Ni ba na son kewaye-kewaye. Tsakaninki da Allah, kina son sa, ko shi ma cikin wasan ne?"

Mama ta daina tsintar shinkafa. Gwaggo ta zaro ido tana yi min alama da hannu in ja aji, in ce sai na yi shawara. A gidanmu ba a taɓa furta irin wannan kalma a gaban manya ba, balle a gaban uwar namiji. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka ɗau zafi.

"Ina son sa, Hajiya," na ce. "Duk abin da na yi ƙarya a kai, ban da wannan."

Sai na ji muryarta ta ɗan yi nisa, kamar ta juya kai daga wayar.

"To, ka ji da kunnenka. Karɓi abinka, ni hannuna ya gaji."